Ƙofar Munkaila da Rabin Doki

A Birnin Konni ba sai ka tambayi wanda ya ƙera ƙofar gida ba, tura ta kawai za ka yi. In ka sa hannu ɗaya ta tafi, aikin wani ne. In kuwa sai da ka ajiye abin da ke hannunka, ka kafa ƙafa, ka sa kafaɗa, ka ambaci sunan Allah kafin ta motsa, to ba makawa ta Munkaila ce. Shi ya sa ake ce masa Munkaila Tan Guda, kuma wallahi sunan daɗi yake masa. Shekara talatin da ɗoriya yana walda a rumfarsa ta bakin hanyar Tawa, ga idanu sun yi jajir, ga rigar aiki duk huji-hujin tartsatsi, kuma har yau ba a taɓa dawo masa da ƙofa an ce ta lanƙwashe ba.

Abin yana da asali. Munkaila ɗan maƙera ne daga Alela. Mahaifinsa, Labo, mutum ne da ba ya yabo, in ya yi shiru a kan aikinka to ka gode wa Allah. Da Munkaila ya kai kamar shekara ashirin sai ya bar zuga-zugi ya shigo Konni koyon walda, yana ganin ya ci gaba. Ƙofar farko da ya ƙera da hannunsa ta wani mai shago ce, da tol, wato fallen ƙarfe, maras kauri, ya yi mata koren fenti har da furanni. Ranar kasuwa tsohon ya shigo gari, Munkaila ya ja shi ya je ya gani. Labo ya tsaya ya dube ta sama da ƙasa, ya ɗaga sandarsa ya ƙwanƙwasa. Ƙofa ta ce kwal.

"Wagga ƙofa ce ko gwangwanin tumatir?" in ji tsohon, a gaban mai shago da masu shayi.

Ya hau jakinsa ya koma. Bayan shekara biyu Allah ya yi masa cikawa, bai sake ganin wani aikin ɗansa ba. Tun daga ranar Munkaila ba ya sakin ƙofa sai ya dunƙule hannu ya buga ta ya ji ta ce dum. In ta yi ƙara ko kaɗan sai ya ƙara mata ƙarfe. Masu gini sun yi mita, masu amalanken da ke ɗaukar ƙofofin sun yi mita, jakunansu ma da suna magana da sun yi. Ko a jikinsa.

Duk cikin ƙofofinsa babu kamar ta gidan Wada. Shi Wada amininsa ne tun suna kiwon awaki a Alela, daga baya ya zama direban babbar mota, ya shekara talatin yana jigilar siminti daga Malbaza zuwa duk inda hanya ta kai. Da ya gina gida sai ya fitar da garaji mai faɗi da ke kallon titi, ya ce wa Munkaila, "Maƙeri, yi mini wadda ko na yi wata biyu a hanya zan yi barci da daɗi." Ai kuwa ya taɓo masa inda yake so. Munkaila ya yi mata tol mai kauri ciki da waje, ya saƙa rodi a tsakani, ya ɗora ta a kan ƙafafu tana gudu bisa layin ƙarfe. Ƙarti takwas suka ɗaga ta ranar kafawa. A lokacin Wada jibgegen mutum ne, da hannu ɗaya yake tura ta yana dariya. Munkaila kuwa duk baƙon da ya zo neman aiki, gidan Wada yake aika shi ya je ya ƙwanƙwasa.

To, jiki ba ƙarfe ba ne. Ciwon suga ya kama Wada, shekara biyu da suka wuce aka yanke masa ƙafar hagu. Matarsa Sa'a ta riga ta rasu. Ɗansa na fari, Rabi'u, jandarma ne, aiki ya kai shi can gabas, ya bar matarsa Nasiba da 'yarsu ƙarama a gidan don kula da tsohon. Rabi'un ne ya saya masa moto mai ƙafa uku, irin wadda ake sarrafawa da hannu. Ƙofar zaure matakala uku gare ta saboda ruwan damina, don haka hanyar Wada guda ce, ta garaji.

Da farko abin ya yi kyau. Kullum da hantsi sai ga shi tut-tut-tut a rumfar Munkaila, a sha shayi, a zagi direbobin zamani da ba su san birki ba. Can sai ƙafa ta ɗauke. In Munkaila ya leƙa gidan ya ce, "Direba, lafiya?" sai Wada ya ce zafi ne ya yi yawa, ko dungun ƙafar ne ke masa tsami. Ko Juma'a ya daina zuwa. Mutumin da ya san kowane rami daga nan har Agadas ya koma zaman tabarma yana kallon bangon garajinsa. Munkaila kuwa, da yake halin ƙarfe ya sani ba na mutane ba, wata huɗu cur yana yarda da zancen zafi.

Ana nan sai Rabi'u ya sa aka aiko da kwali daga Yamai, inji ne mai buɗe ƙofa da kansa, a danna rimot ta tafi. Aka kira wani mai gyaran wuta, Maman Sani sunansa, ya haɗa, shi kuma ya kira Munkaila don ya liƙa wa ƙofar dogon ƙarfe mai haƙora wanda injin zai riƙa ja. Munkaila ya zo yana hura hanci, don ba ya son a rataya wa aikinsa tarkace. Ya dubi injin, abu kamar tukunyar miya.

"Wanga ɗan abu shi za ya ja ƙofata? Mi aka rubuta a jikinshi?"

Maman Sani ya duba takardar, da Faransanci take. "Baba Munkaila, ƙarfin inji da doki ake auna shi. Wanga rabin doki ne."

"Rabin doki?" Munkaila ya ajiye gudumarsa. "Wane rabin, na gaba ko na baya? In na baya ne ka matsa kada ya harbe ka."

Wada, da ke zaune a kan motonsa a gefe, ya yi dariya har da tari. Rabon da a ji dariyarsa an daɗe. Maman Sani ya yi bayani cewa Rabi'u bai yi ganganci ba. Ya faɗa wa mai sayarwa faɗin ƙofar da tsayinta, mai sayarwa ya duba jadawalinsa ya ce ƙofa mai wannan girma ba ta wuce kilo ɗari biyar, rabin doki ya isa har da saura. Gaskiyarsa, mutumin kirki, a Yamai yake. Ina ya san Munkaila?

Suka yini suna haɗawa. Da la'asar Maman Sani ya miƙa wa Wada rimot ya ce ya sa albarka. Wada ya goge hannu a riga, ya yi bismilla, ya danna. Inji ya yi gurnani, ƙofa ta girgiza, ta fara tafiya a hankali kamar mai ciwon baya. Ta yi kamu uku, ta tsaya cik. Maman Sani ya taɓa injin ya janye hannu da sauri, ya yi zafi ya kashe kansa.

Abin kunya ne a faɗa, amma daɗi ne ya kama Munkaila. Ya buga cinya ya ce, "Kun gani ko? Ƙofata ta kada doki!" Ya waiwaya don Wada ya taya shi dariya. Wada bai taya shi ba. Yana riƙe da rimot a cinya, idonsa a kan ɗan ratsin titin da ƙofar ta buɗe, inda ko motonsa ba za ta wuce ba. Sannan ya ce a hankali, "Ku rufe ta, ƙuda na shigowa."

Washegari suka dawo don a san girman injin da za a nema. Maman Sani mutum ne mai tsari. Ya ce ba a zaɓen inji da ido, ƙarami ya ƙone, babba fiye da kima kuma ya riƙa fizgar ƙofa yana cin haƙoranta, ga yarinya tana wasa a tsakar gida. Suka aro sikelin ƙugiya wurin wani mai sayen wake, suka saki injin, suka maƙala ƙugiyar a hannun ƙofa suka ja. Allura ta wuce kilo arba'in kafin ƙofa ta yarda ta motsa. Da Munkaila ya lissafa masa abin da ya zuba a cikinta, Maman Sani ya riƙe baki, ya ce ai wannan ta haura kilo ɗari takwas.

"To a kawo doki guda cikakke," in ji Munkaila. "Da kai da wutsiya."

"Za ya ja ta," in ji Maman Sani. "Amma sai da kuran, wutar gari. Batirin da ke gidan ga rabin doki yake iyawa, ba ya ɗaukar doki guda. In wuta ta ɗauke sai a murɗa wanga makulli, a saki inji, a tura da hannu."

"To a tura mana. Da can da mi ake turawa?"

Wada ya juya motonsa da hannu ya koma can cikin inuwa. Maman Sani ya tafi sallah, Munkaila ya zauna a zaure yana jin haushin da bai san na mene ne ba. Nan Nasiba ta same shi da kwanon ruwa, ga tsohon ciki ya sha mata gaba. Ta durƙusa da ƙyar ta ajiye, amma ba ta tashi ba.

"Baba," ta ce, kanta a ƙasa, "ba zafi ne ya hana shi fita ba."

Sai ta ba shi labari. Kowa ya sani Wada ba zai buɗe baki ya kira matar ɗansa na fari ba. Ko sunan Rabi'un ba ya faɗa, balle nata, ɗiyar mutanen Bazaga yake ce mata, shi ma sai in ba ta wurin. Saboda haka ita ce ta koyi kasa kunne. In ta ji ya tada moto sai ta bar abin da take yi ta rugo, ta sa baya ta tura ƙofa, shi kuma ya kau da kai kamar bai ga wanda ya buɗe ba. In ya dawo ya ɗan taɓa oda ta sake fitowa. Haka suka yi ta yi ba wanda ya ce wa wani uffan. Rannan, cikinta na wata uku, santsi ya kwashe ta tana cikin turawa, ta zauna daɓas a ƙasa. Ba abin da ya same ta, ta tashi ta kakkaɓe zane ta ƙarasa buɗewa. Amma ya gani. Ya kashe moto a wurin, kuma tun ranar bai sake tada ta ba.

"Ni ban gaji ba, Baba, Allah ya sani. Na ce a riƙa kiran maƙwabta, ya aiko mini da cewa shi ba ya zama cikin gidanshi yana kururuwa a zo a buɗe mishi ƙofarshi."

Munkaila bai sha ruwan ba. Kai, wannan mutum! Wata huɗu yana shigowa gidan nan, in zai fita har shafa ƙofar yake yi kamar mai shafa goshin doki, ashe ita ce ta tsare masa amini. Kuma jiya-jiyan nan ya tsaya a gaban mutumin yana murna ta ƙi buɗuwa. Kunya ta rufe shi, irin wadda rabonsa da ita tun ranar sandar Labo.

Ya tashi ya shiga garaji. Wada ya sauka ya kishingiɗa a tabarma. Munkaila bai nemi izini ba, ya haye moton, ya tura ta jikin ƙofa, ya naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashinsa, ya kama hannun ƙofar ya ja daga zaune. Shi fa ƙaƙƙarfa ne har yanzu, yana ɗaga buhun siminti ba nishi. Ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Moto ce ta zame ta bi shi, ƙofa ko gezau.

"Maƙeri, mi kake yi haka?" in ji Wada.

"Awo nake."

Da Maman Sani ya dawo, Munkaila ya ce masa kada a aika neman wani inji. Ko doki goma aka kawo, ranar da wuta ta ɗauke Wada ya koma ɗaure, kuma a Konni wace rana ce ba ta ɗaukewa? Ya tambaye shi nawa allurar sikeli za ta nuna kafin rabin doki ya ja ba gurnani, kuma mutum ya iya turawa daga zaune. Maman Sani ya ce in ta sauko ƙasa da kilo goma, an gama.

"To dokin bai yi kaɗan ba," in ji Munkaila. "Kayan ne na labta mishi. Gobe ina zuwa da injin yanka."

Wada ya yunƙura ya zauna. "Kul! Kada ka taɓa ta. Wagga ƙofa sunanka ce, duk garin ga an sani."

"Taka ce ko tawa?"

"Tawa ce, shi ya sa na ce a bar ta."

"To ni na ƙera ta, kuma ban gama ba. Kwanta abinka."

Kwana uku ya yi yana farke ta. Ya sa aka kwantar da ita a bakin titi, ya bi ɗinkin waldarsa da injin yanka, ɗinkin da ya yi shekara ashirin da suka wuce da nufin kada wani mahaluki ya iya kwance shi. Ai kuwa bai kwantu da daɗi ba, faifan yanka bakwai ya cinye. Yana yi yana zagin wanda ya yi aikin, masu wucewa suna dariya don sun san ko wane ne. Ya ɗaye tol ɗin ciki gaba ɗaya, ya zare rodin ɗaya bayan ɗaya, ya bar mata ƙarfe biyu a gicciye don kada ta karkace, ya sauya mata ƙafafu masu boris, masu juyawa ba wahala. Labari ya zaga. Mutari, wani mai walda da suka daɗe suna hamayya, ya rufe rumfarsa takanas ya zo kallo.

"A'a, Tan Guda! Yau kuma gwangwani ake ƙerawa?"

Kalmar ta soke shi. Da can da an ji su har tasha. Ranar bai ɗaga kai ba, ya ce, "Awo, haka ne, gwangwani. Matsa mini daga haske."

Ranar Alhamis aka tsayar da ita, mutum uku suka isa. Aka maƙala sikeli aka ja, allura ta tsaya a kilo takwas. Maman Sani ya haɗa inji ya danna, ƙofa ta tafi sumul har ƙarshe ta dawo, ya sake, ya sake, inji ko ɗumi bai yi ba. Nasiba tana leƙe daga bayan labule tana ta sa albarka. Munkaila ya tattara kayansa. Zai wuce ke nan hannunsa ya yi abin da ya saba, ya dunƙule ya buga ƙofar. Ta ce kwal.

Ya tsaya kamar an kira sunansa daga baya. Shekara kusan arba'in yana gudun wannan ƙara, ga shi yau da hannunsa ya dawo da ita, a kan ƙofar da yake aika mutane su gani. Ba zai ɓoye wa kansa ba, abin ya yi masa ciwo. Wada ya yi ta kiransa ya tsaya a sha shayi, ya ce yana da aiki, ya tafi ko waiwaye babu.

Washegari Juma'a. Tun da hantsi wuta ta ɗauke a gari duka, ba walda ba yanka. Munkaila na zaune a rumfa ya tasa tulin rodin da ya zaro a gaba, ya rasa abin da zai yi da su, ya kuma rasa abin da zai yi da kansa. Yana tunanin ya san halin Wada, ƙila ma ya ƙi fita don kada a ce don shi aka lalata ƙofa.

Rana ta kusa tsakiya sai ya ji tut-tut-tut daga wajen kwana. Bai ɗaga kai ba, motoci masu ƙafa uku ai ba ɗaya ba ce a Konni. Ƙarar ta matso, ta tsaya daidai bakin rumfa. Ga Wada cikin farar riga da hula, ya sha turare, dardumar sallah a ɗaure a bayan moto.

"Maƙeri, haka za ka je masallaci da wagga riga mai huji?"

Munkaila ya dube shi, ya dubi ƙwan fitilar rumfa da ke mace tun safe.

"Batirin ya ja?"

"Ban ko taɓa rimot ɗin ba. So nake in gani."

"To wa ya buɗe maka?"

Wada ya ɗaga hannunsa na dama, ga tsatsar hannun ƙofa a tafin. "Ba kowa," ya ce. "Ɗiyar mutanen Bazaga na can tana daka, ba ta ma san na fita ba. Na buɗe, na fito, na rufe abina."

Munkaila ya miƙe. Ya juya baya ya shiga lalube a cikin akwatin kayan aiki, wai hularsa yake nema, alhali tana kansa.

"Yi sauri," in ji Wada. "Hau baya in kai ka, kada mu rasa sahu."